Zayyanu Mai Awon Tausayi

Duk wanda bai san Malam Zayyanu ba tsakanin Wurno, Rabah da Goronyo, laifinsa ne, domin Malam ya yi iya ƙoƙarinsa. Allah ya yi wa yankin nan baiwar albasa da kifi da malamai, sai bara ya cika masa ni'ima da masanin zukata. Kwana uku cur Malam ya yi a Sakkwato yana karɓar horo. Ya dawo da ilimin da wasu ke shekara bakwai suna nema, da riga mai aljihu shida, da kati a wuya wanda ko alwala zai yi ba ya cirewa, sai dai ya juya shi baya. 'Yan majalisar mai shayi suka sa masa suna Farfesa Sikeli, shi kuwa ya karɓi rabin farko hannu bibbiyu.

Kafin wannan ɗaukaka, shi ne mai rubuta kati a wani ƙaramin asibiti a Wurno. Sai wata malamar jami'a, Dakta Halimatussa'adiya, ta ɗauki mutum goma, har da shi, aikin wata ɗaya. So take ta san yadda manya ke yi da kansu idan abu ya lalace musu, wa ke yi wa kansa uzuri, wa ke zama ya yi ta ɗora wa kansa laifi. Ta kira abin tausayin kai. Takardar tambaya goma sha biyu ce, kowace a amsa ta da lamba daga ɗaya zuwa biyar. Ta kuma ce a ƙarshen watan za ta zaɓi mutum guda cikin goman ya zama jami'in shiyya na dindindin, da ofis a Goronyo, da babur.

Daga kalmar babur Malam bai ƙara jin komai ba. Lokacin da Dakta ke bayanin yadda ake karanta amsoshin, yana waje yana ɗaukar hoto a gaban allon taron. Ranar da ya dawo gida ya dire mabuɗin durowar kati a teburin shugaban asibitin, ya ce a ba wanda ba shi da abin yi. Ya wuce Rabah ya shaida wa surukansa cewa nan gaba sai dai su riƙa samunsa a ofis. Shekara goma sha ɗaya na aiki ya ajiye a kan kujerar da ba a ba shi ba tukuna, kuma bai ji ko ɗar ba.

Sauran ilimin da kansa ya cike shi. A fahimtarsa takardar jarrabawa ce, biyar ita ce ci, ɗaya faɗuwa, kuma wanda mutanensa suka fi maki shi zai hau babur.

Ya fara da ƙauyen Magarya na ƙasar Wurno, a ƙofar gidan Baba Mode, manomin albasa. Dattijon ya ajiye albasarsa a rumbu yana jiran ta yi tsada, ruwan farko ya shammace shi, ta ruɓe kaf. Malam ya ƙi tabarma, sai da aka nemo masa kujera.

"Baba, wagga takarda masana sunka yi ta, likitoci sunka gyara ta, ni kau anka damƙa ma ita," in ji shi. "Tambaya ta hwarko: in abu ya lalace maka, kana yi ma kanka sassauci?"

Baba Mode ya ce, "Ɗana, mi za ni ce maka? Uwar ɗiyana ta ce in sayas, nic ce a jira. Tun ran nan ban iya kallonta cikin ido. Ko tuwo in an aje mani, sai in ga ban cancanci ci ba."

"Baba, babu gurbin wanga zance cikin takarda. Lamba nika so."

"To, sa guda."

"Guda? So kake ka kunyata Wurno gaban Rabah? Mutum da hwarin gemu, amma tausaya ma kanka ya gagare ka? Wanga ai sakaci na!"

Malam ya dangwala biyar, don ba ya son ya ga dattijo ya faɗi jarrabawa. Ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa, ya bar Baba Mode da laifi biyu maimakon ɗaya: ya ruɓar da albasa, sannan ga shi an tabbatar masa a hukumance cewa ko tausayin kansa bai iya ba.

A Goronyo ya sami Goggo Turai tana bandar kifi a bakin ruwa. Ya yi mata lacca ta kusan rabin awa a kan zuciya da sassanta, ya ambaci ƙasashe huɗu da bai taɓa zuwa ba. Ta saurare shi tana juya tarwaɗa.

"Mi niy yi da za ni zama abin tausai?" ta ce. "Ɗiyana bakwai, kowa da sana'a tai. Matsa can, ɗan nan, kana tare mani iska."

Ita ma biyar ta samu, goma sha biyu reras.

Daga nan Malam ya gano cewa tambayar mutane ɓata lokacin ilimi ne. Mai ilimi irinsa kallo ɗaya yake yi wa mutum ya san abin da ke cikinsa, wani lokacin ma ko kallon ba ya bukata. Ya samu inuwar darbejiya a tashar Lahodu, ya auna zukatan ƙauyen gaba ɗaya tsakanin azahar da la'asar, ba tare da ya tayar da kowa daga gona ba. Ya cike tasa takardar shi ma, ya ci sittin cikin sittin, ya yi mamakin kansa ƙwarai. Abin da ke ba shi dariya kuwa shi ne abokiyar aikinsa Bilkisu, wadda ke zama awa guda da mutum ɗaya tana barinsa ya yi ta zuba, har wani lokaci a gan ta tana share ido. Wata ya ƙare tana da takarda arba'in da ɗaya, shi yana da ɗari uku.

Ana gobe taron zaɓe ya ga bai dace a naɗa shi a ɗaki tsirara ba, ya je a buga masa babban kyalle mai hotonsa. Kalmar tausayi ta yi masa kama da ta talakawa, sai ya sauya ta da jinƙai, wadda ta fi cika baki. Mai bugun ya ce masa kwamfutarsa ba ta da ƙ mai lanƙwasa, sai dai ya sa k. Malam ya ce ba shi da lokacin ƙananan haruffa, a dai tabbatar hoton ya fito.

Hoton ya fito. Da hantsi aka rataye kyallen a ɗakin taron da ke Goronyo, surukai suka zo daga Rabah cikin manyan riguna suka cika layin gaba. Dakta ta zaro takardun Malam, ta ɗaga ɗaya.

"Malam Zayyanu, rabin tambayoyin nan a juye suke," ta ce. "Wata na tambayar ko mutum na yafe wa kansa, ta ƙasanta na tambayar ko yana zagin kansa. Ka sa biyar a duka. A cewar takardunka, mutum ɗari uku kullum suna yafe wa kansu, kullum kuma suna tsine wa kansu, da biro ɗaya da rubutun hannu ɗaya. Ko guda ba zan iya amfani da ita ba."

Ta ba Bilkisu aikin.

Nan fa Malam ya ga babur ya kuɓuce masa. Tsoro ne ya kama shi, na gaske, irin na magidancin da ya tuna cewa gobe ba shi da inda zai je da safe, ga kuma idon surukai a ƙeyarsa. Da wani ne sai ya sunkuyar da kai ya nemi ƙofa. Amma babban mutum ba ya faɗuwa shiru. Ya miƙe, ya gyara katin wuyansa.

"Ranki shi daɗe, a yi adalci. Wanga ilimi ni nis shigo da shi ƙasag ga. Ni kaina an auna ni, sittin nic ci cikin sittin, babu wanda yat taɓa kamo ni tun daga Wurno har Goronyo. In ana musu, ga shi nan rubuce. Kawu Yari, kai ka yi hedimasta, karanta ma jama'a."

Kawu Yari, babban surukinsa, ya saka tabarau, ya matsa kusa da kyallen, ya karanta da ƙarfi, kalma bayan kalma, yadda aka buga.

"Malam Zayyanu, Gwarzon Jin Kai Na Shiyya."

Dattijon ya cire tabarau, ya naɗe, ya mayar aljihu.

"To," ya ce, "wanga kam ba sai an auna ba. Mu duka shaidu na."