Fayil ɗin da na raɗa wa sunana

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ba, a cibiyar koyon kwamfuta da ke bayan kasuwar Nima, inda nake koyar da manya rubuta manhaja.

Tun farkon zango nake cika wa ɗalibai baki da wata manhajar rajista da na haɗa. Na ce musu kowane layi da hannuna na rubuta. Gaskiyar magana, ɓangaren da ke zana jadawali laburare ne, wato shiryayyen guntun manhaja na kyauta, da na sauko da shi daga intanet. Na dai canza wa fayil ɗin suna, na sa nawa (har da babban baƙi, don kar a yi kuskure).

Darasin ranar a kan hash ne. Na bayyana musu cewa wata doguwar lamba ce da kwamfuta ke fitarwa daga abin da ke cikin fayil, kamar zanen yatsa. In ka liƙa ta a shafin bincike, zai faɗa maka ainihin fayil ɗin da ƙunshin manhajar da ya fito daga ciki. Alhaji Isaka, mai cibiyar, yana zaune a baya, don yana tunanin ba ni aikin haɗa manhajar rajistar makarantarsu ta unguwar Maamobi. Ganinsa ya sa na ƙara ƙaimi, har na buga tebur na ce ko an canza wa fayil suna, hash ba ya ƙarya.

Sai Hajiya Rakiya ta ɗaga hannu. Mai sayar da atamfa ce a kasuwar Makola, ta girme wa kowa a ajin, kuma ba ta barin darasi sai ta gwada. Ta ce tunda manhajata tana kan kwamfutocinsu, bari ta gwada da fayil mai sunana.

Na ce lokaci ya ƙure. Alhaji ya duba agogo ya ce akwai saura.

Ta fitar da lambar daidai yadda na koya mata, ta liƙa. Shafin ya kawo sunan laburaren, da ƙunshinsa, da sunan wanda ya rubuta shi tun ina firamare. Ta gyara tabarau ta karanta a fili.

"Malam," in ji ta, "wannan bature ya sace maka aiki."

Da zuciya ɗaya ta faɗa, har tana cewa a kai ƙara. Na tsaya gaban allo na faɗi gaskiya.

Alhaji bai yi faɗa ba. Ya ba ni aikin, da sharaɗin in rubuta sunan kowane laburare da mai shi, Hajiya kuma ta duba.

Ɗaukar kayan kyauta ba laifi ba ne, goge sunan mai shi ne abin kunya. In kuma ka riga ka goge, to, kada ka iya koyarwa sosai.