Ranar da Na Gyara Giyar Bafaranshe

Ina kukun Di'o, Baturen mulki, a barikin Kankiya, wani Bafaranshe ya zo cin abinci daga Maraɗi. Ya miƙa mini kwalba naɗe da zane, da hannu biyu. Tafintansa ya ce, "Giyar inabi ce, ta girme ka. Da gasasshen zabo za a sha."

Ni ba na sha, amma ina da hanci. Na buɗe na shinshina: tsami kamar kwanannen kunu! Na ce lallai tafiya ta lalata ta, kuma ba a teburina baƙo zai ji kunya ba. Na juye ta a tukunya, na zuba zuma da citta da kanumfari, na ɗora a wuta. Na kai musu tana tururi, ina taku kamar wanda ya ci yaƙi.

Di'o ya leƙa kofi, kunnuwansa suka yi ja. "Kuku, me ka yi?"

"Ranka ya daɗe, gyara na yi."

Bafaranshen ya dafe kai. Can ya kurɓa, ya sake kurɓa, sai ga hawaye. Tafinta ya ce haka kakar Bafaranshen ke dafa musu lokacin sanyi. Mutumin ya miƙe ya kama hannuna, ya ce, "Barabo, Mushe!"

A bakinsu girmamawa ce. Amma masinjan Di'o ya kai labari kasuwar garinmu Kusada. Har yau in na doshi rumfar mahauta sai su ɗaga murya: "A rufe nama, ga Mushe nan!"