Famfon Tsakar Gidan Abu Ziyad Ya Daina Ɗiga

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda har yau ba ta gama yarda da abin da ya faru ba, Mifleh Abu Ziyad na garin Azraƙ yake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da abokan arziki rasuwar amininsa kuma abokin zamansa na safe, wato famfon tsakar gida, wanda ke jikin katanga tsakanin bishiyar lemun tsami da tagar kicin. Marigayin ya cika ranar wata Talata da hantsi, a hannun na gida, bayan doguwar jinyar da shi kansa bai taɓa kuka da ita ba. Tun da ɓarin jikin Abu Ziyad na dama ya shanye ba ya iya riƙe alƙalami, don haka maƙwabcinsa na jikin katanga ne ya rubuta wannan sanarwa, kuma abin da ya gani da idonsa kawai ya rubuta.

Marigayin ɗan asalin wani shagon kayan gini ne a Zarƙa. Na tagulla ne, irin mai kai kamar tauraro, wanda sai an murɗa shi an sake murɗawa kafin ya yarda ya yi shiru. An kawo shi gidan shekarar da aka zuba rufi, uwargidan, Ummu Ziyad, na goyon ɗanta na fari. Ya wanke dardumai kafin kowace Salla, ya shayar da na'ana'a, ya ba baƙi ruwan alwala, ya wanke ƙafafun yara har suka girma suka watse. A duk tsawon shekarun nan ba a taɓa jin ya ɗaga wa kowa murya ba, in ban da ranar da ake sako wa gari ruwa, idan bututu ya cika da iska, yakan yi tari: kuf, kuf, kuf, sannan ya ja dogon numfashi, shhhh.

Ciwon ya fara ne a hankali. Wata safiya aka rufe shi, ya ƙi rufuwa duka. Ɗis. Sai can kuma, ɗis. Masu gyara sun zo sun canza masa roba, ya yi biyayya na 'yan kwanaki, ya koma halinsa. Da tafiya ta yi tafiya ɗigon ya ƙwaƙule ƙasa, ya yi ɗan gurbi mai faɗin faranti, gansakuka ta kewaye shi, na'ana'a ta miƙo, ƙananan ƙwari suka tare. Daga nan ne marigayin ya shiga aikin da aka fi saninsa da shi.

Gwara ne suka fara zuwa, su da ba sa jiran gayyata. Kurciyoyi suka biyo. Sai wasu tsuntsayen bulbul guda biyu, mata da miji, da suke wanka suna faɗa. Alhudahuda yakan zo da hantsi, ya buɗe tukkunsa, ya soka baki cikin laka kamar shi ya biya kuɗin filin. Waɗannan 'yan gida ne. Manyan baƙin su ne matafiya, masu ratsa hamada idan sanyi ya fara ja da baya, su sake ratsowa idan zafi ya karye. 'Yan ƙanana ne da ba su cika tafin hannu ba, suna saukowa a galabaice, baki buɗe, fiffike a sake. Marigayin bai taɓa tambayar ɗayansu daga ina yake ba, bai kuma taɓa cewa yau babu ba.

Dole a faɗi gaskiya a kan mamaci: yana da abokiyar gaba, kuma a cikin gida take. Ummu Ziyad ba ta ɓoye wa mijinta ba.

"Garin da ake jiran ruwa sau ɗaya a mako, a ce a gidana ne famfo ke zuba? Me kake so mata su ce da ni?"

"Bar shi, baiwar Allah, sadaka yake yi a madadinmu."

"Sadaka da tankina? To ranar da ya ƙafe sai ka aiki alhudahudan naka ya ɗebo mana."

Ta ɗaure masa tsumma, ta tara masa bokiti. Abu Ziyad ya bi ya kwance, ya ture. Ta ce a sa wa tsuntsayen ruwa a kwano kamar yadda masu hankali suke yi. Ya ce wanda ya keto hamada ba kwano yake nema ba, ƙarar ɗigo yake ji tun daga sama, ita ce ke sauko da shi. Ta ce to Allah ya ba shi lafiya, shi da su.

Wanda bai san Abu Ziyad ba zai ce wannan rigimar tsufa ce. Ba haka ba ne. Mutumin nan ya ƙare ƙuruciyarsa a shagon hoton fasfo, yana ce wa mutane su ɗaga haɓa, su daina murmushi. Hutunsa ɗaya shi ne ranar Juma'a ya rataya kyamara ya shiga fadama tun ana shiga ruwa har gwiwa, ya kwanta cikin ciyawa yana jiran zalɓe ya juyo. Fadamar ta janye, ya bi abin da ya rage. Sai ciwo ya zo ya zaunar da shi a keken guragu. Daga ranar duniyarsa ta koma faɗin tagar kicin. Aka kafa masa kyamara a kan ƙafafunta uku, bakinta na kallon gurbin, ya koyi latsawa da hannun hagu. Shi ba ya iya zuwa wurin tsuntsaye kuma, marigayin ne yake kawo masa su har gida. Saboda wannan yake yarda a tashe shi da safe, a yi masa aski, a sa masa riga mai tsabta. Bangon kicin kuwa ya cika da hotuna har ba a ganin fenti.

Yadda ajali ya zo shi ne abin da ya fi wuyar rubutawa.

Ziyad, babban ɗansa, injiniya ne a Kuwait. Lokacin da mahaifinsa ya yanke jiki ya faɗi bai samu izinin zuwa ba, kuma abin ya tsaya tsakaninsu ba wanda ya taɓa furta shi. Wayarsu gajeriya ce: ya jiki, da sauƙi, ga mamarka. Bana ya zo hutu, ya tarar da tsohon ya rame. Kowa ya ga yaron nan yana zagaye gida bai san inda zai sa hannunsa ba. Ya shiga ɗaki ya fito, ya taɓa ƙofa, ya duba ƙwan lantarki. Ya kasa zama kusa da uban, ya kasa fita.

Ranar Talatar nan, maƙwabci ya ɗauki Abu Ziyad da matarsa a mota zuwa ganin likita a Zarƙa. Ziyad ya ce shi zai tsaya gida. Da suka dawo da la'asar, yana bakin ƙofa yana jira, wandonsa duk siminti, yatsunsa biyu naɗe da bandeji, mutumin da rabonsa da riƙe guduma tun yana makaranta. Bai bari kowa ya taɓa keken ba. Shi ya tura mahaifinsa da kansa, karo na farko, har tsakar gida.

"Yaba," haka yake kiran mahaifinsa, "zo ka gani. Shekara da shekaru abin nan yana shanye muku ruwa, ba wanda ya faɗa mini. Duba. Ko ɗigo."

Sabon famfo ne mai sheƙi, irin mai hannu, a ɗaga ya zubo, a sauke ya ɗauke. An cike gurbin, an tuge na'ana'ar, an shafe wurin da siminti sumul, har da ɗan magudani zuwa waje. Aiki ne mai kyau, ba wanda zai kushe shi.

Maƙwabci yana tsaye a baya, ya ga hannun hagun Abu Ziyad ya damƙe ƙarfen keken har jijiyoyi suka fito. Tsohon ya daɗe yana kallon simintin. Sannan ya ɗago ya kalli ɗansa, yaron kuma bai kau da ido ba.

"Allah ya yi maka albarka, ɗana. Aiki ya yi kyau. Ka ji ciwo a hannu?"

Ziyad ya durƙusa ya sumbaci kan mahaifinsa, ya daɗe bai ɗago ba. Haka marigayin ya tafi, ba wanda ya yi masa kuka a fili, ana ta sa wa wanda ya yi ajalinsa albarka. Ba a zargin kowa, kuma ba a yarda wani ya zargi kowa ba.

Bayan Ziyad ya koma, gidan ya yi shiru irin wanda ba a saba ba. Ummu Ziyad, wadda ya kamata ta yi guɗa, murnarta ba ta kai ƙarshen mako ba. Ta ga mijinta ya fara cewa a bar askin sai gobe. Ita da kanta ta fitar da kwanon ruwa, kafin azahar ya yi zafi, kyanwar maƙwabta ta zo ta kwanta a gefensa. Maƙwabci ya huda jarka da ƙusa ya rataya a reshen lemu. Wata rana ta toshe, wata rana ta tsiyaye kafin a gama shayi, abin da ya zubo kuma ya bi magudani ya fice. Ba laka, ba ƙwaro, ba inuwar ganye. Abu Ziyad ya yi godiya irin ta wanda aka kawo wa abincin da ba ya iya ci.

Daga ƙarshe Ummu Ziyad ta tsaya a kansa, hannu a ƙugu.

"Abu Ziyad, in kira mai gyara ya fasa simintin nan ya mayar da tsohon? Yana nan, ban bari mai gwangwan ya tafi da shi ba."

"Ranar Juma'a fa? Kin manta abin da yake fara cewa idan ya kira?"

Ba ta manta ba. Kowace Juma'a bayan masallaci Ziyad yakan kira ta waya mai hoto, kuma kafin ya tambayi jiki sai ya ce, "Mama, juya wayar in ga famfona." Sai ta juya. Sai ya yi dariya, ya ce a ba shi Yaba, su yi hira mai tsawo kan siminti da bututu da tsadar kaya, hirar da ba su taɓa yin irinta ba.

"Sai mu ce wayar ta lalace," in ji ta.

"Yaron nan tun da na faɗi bai kalle ni cikin ido ba sai ranar. Ki bar masa famfonsa."

Ta shiga ɗaki ta ja ƙofa. Matar da ta yi shekaru tana tsine wa ɗigon nan, ita ce aka ji tana sheshsheƙa.

A makon jiya matafiya suka fara wucewa. Da sassafe ɗaya ya sauko, ɗan ƙarami mai shuɗin maƙogwaro, irin wanda Abu Ziyad ya fi ƙauna, wanda hotunansa suka fi yawa a bango. Ya dira a kan katanga, ya sauko kan simintin, ya yi tsalle zuwa daidai inda gurbin yake a da. Ya sari wurin da baki. Ya matsa gefe ya sake sara. Ya tsaya bakinsa a buɗe yana kallon sabon famfon. Haske ya yi kyau, kyamara na saiti, yatsan tsohon na kan maɓalli. Bai latsa ba. Tsuntsun ya tashi ya yi gabas, inda ba komai sai duwatsu. Da maƙwabci ya tambaye shi dalili, cewa ya yi, "Ba a ɗaukar hoton baƙon da ka kasa ba shi ruwa." Ranar bai karya kumallo ba.

Marigayin ya rasu ya bar gwara masu yawa, waɗanda tuni suka koma bayan gidan burodi ba ko sallama. Ya bar kurciyoyi da har yanzu suke zama a kan katanga suna jira, da bulbul biyu da ba a sake jin faɗansu ba, da alhudahuda ɗaya, da matafiya da ba a san adadinsu ba, waɗanda suke kan hanya yanzu haka ba su ji labari ba. Ya bar kyamara a bakin taga, da mace ɗaya da take neman gafararsa, da tsoho ɗaya a keke.

Ummu Ziyad ce ta yi masa wanka, ta goge shi da toka da lemun tsami har tagullar ta fito, ta naɗe shi a tsohon jan rawanin mijinta. Liman ya ce ba a yi wa ƙarfe salla, amma zai zo shan gahawa. Za a rufe shi ranar Laraba bayan la'asar a gindin bishiyar lemu, a ɗan wurin da siminti bai kai ba. Maƙwabci ne zai haƙa.

Za a karɓi gaisuwa a kicin, bakin taga, da sassafe, lokacin da marigayin ya saba karɓar baƙinsa. Akwai gahawa marar sukari da dabino. Ana roƙon masu zuwa su shigo a hankali, su rage murya, ko Allah zai sa wani matafiyin ya sauko. Ranar Juma'a babu zama, kuma duk wanda ya kawo kujera ya ɗauke ta tun daren Alhamis, don a bar tsakar gida fes kafin waya ta yi ƙara.

Roƙo na ƙarshe daga bakin Abu Ziyad yake, ya kuma sa an karanta masa don ya tabbata an rubuta. Duk wanda wannan sanarwa ta isa hannunsa, don girman Allah kada ya tura ta Kuwait, kada ya yi zancenta gaban wanda ke da ɗan'uwa a can. Ziyad a saninsa gyara ya yi wa mahaifinsa, kuma mahaifinsa yana so ya rayu da wannan sanin.