Damisar Ƙanƙara da Hutun Som Dubu Uku

"Som dubu uku? Kwana uku cur?"

"Har da mota, har da ci, har da wurin kwana."

"A Karakol ɗin? Ko dai a gaban hoton Karakol?"

"Ke dai ki kawo kuɗinki. Ya ce asiri ne na manya."

"Asirin da ya kai mu wanka a tafki bara, muka dawo da ƙaiƙayi?"

"Rufa mana asiri, ga shi nan tafe."

"Da tabarau ɗin?"

"Da su. A goshi."

Wanda ake wa wannan raɗa ba ƙaramin mutum ba ne. Kubatbek Orozaliyev ke nan, mataimakin mai riƙon ƙwaryar shugaban sashen ajiye takardu a ofishinmu na gyaran bututun ruwa da ke Bishkek. Allah ya yi masa baiwar murya, ya yi masa baiwar tumbi, sannan ya ƙara masa da ƙwaƙwalwa mai tuna abin da bai taɓa faruwa ba. Daga ranar da ƙanƙarar farko ta sauka har ranar da ta narke, ba ka ganinsa sai da tabarau ɗin 'yan zamiyar kan ƙanƙara a goshi, ko da a wurin ta'aziyya ne. Shi ya raɗa wa kansa suna Damisar Ƙanƙara. A gabansa mu ma haka muke kiransa, don ba a musu da babba. A bayansa kuwa Baike Rangwame ne, wato Yaya Rangwame.

Shekara tara muna jin labarin bajintarsa. Yadda ya gangaro daga ƙololuwar dutse da ƙafa ɗaya. Yadda saura ƙiris a tafi da shi gasar duniya, 'yan hassada suka ɓatar da takardarsa. Sai kuma wani salo nasa na kansa, juyin mikiya, wanda yake gwada mana a barandar ofis da sandunan tsintsiya biyu, tumbi na gaba, shi yana biye. A kan ƙanƙara dai ba wanda ya taɓa gani. Ba laifinsa ba ne. Damisa ba ta sauka ƙaramin tudu, in ji shi, manyan duwatsun kuma an cika su da 'yan koyo.

Abu guda ya rage wa wannan bawan Allah a duniya: kujerar shugaban ƙungiyar ma'aikata. Mai wannan kujera shi ke zama a saman shimfiɗa a kowane biki da suna na ofis, shi ke fara jawabi, kuma ba mai ikon katse shi. Sau uku yana nema, sau uku yana shan ƙasa. Bana Salkinai ce ta fito, mai karanta mitar ruwa, wadda alkawarinta ɗaya tak: za ta sa a gyara na'urar ɗumama ofis. Mu goma sha uku ne masu ƙuri'a, zaɓe ranar Litinin. Sai Damisa ya tara mu ranar Laraba, ya hau kan akwatin takardu.

"'Yan'uwa ma'aikata! Wata ta yi muku alkawarin ɗumi. Ni dutse zan ba ku! Wawa ne ke biyan otal. Sakarai ne ke sayen tikitin kujerar lilo don a ɗaga shi sama kamar buhun dankali. Dutse na Allah ne, ƙanƙara ta Allah ce, gangara kyauta ce. Hawa kaɗai ake sayarwa, ni kuwa na gano yadda ake hawa ba a biya ba. Tsarin nan, in da a ƙasar da ta san darajar mutane ne, da an sa shi a littafin makaranta."

Aka tafa. Banza ko a bakin kura, ai a gwada.

Kayan zamiya daga 'yan gwanjo ya kwaso su. Kowa ya samu katako biyu, sai dai ba lallai su zama 'yan uwa ɗaya ba: wani ja dogo, wani shuɗi gajere. Da aka yi ƙorafi ya ce ƙafa ba ta ganin launi. Shi kuwa ya fito ranar Juma'a da asuba cikin sabuwar riga da wando ruwan lemo, masu sheƙi, har da hular kwano. Ba don ado ba, a'a. Dole a riƙa hango jagora daga nesa, saboda tsaro.

Tsohuwar bas ɗin ofis ce ta kwashe mu, tsoho Jumadil direba a gaba. Awa bakwai muna bin gefen tafki, Damisa na tsaye a tsakiyar mota yana koya mana yadda ake lanƙwasa gwiwa. Muka wuce Karakol, garin 'yan zamiya. Muka wuce kwanar da masu kuɗi ke bi zuwa kujerun lilo. Sai da kwalta ta ƙare, a wani ƙauye a gindin dutse, ya ce a tsaya. Nan asirin manya ya fito fili.

Asirin wata tsohuwa ce mai suna Burul, yayar mahaifiyarsa. Shekara goma sha ɗaya bai taka gidanta ba; ko da mijinta ya rasu saƙon waya ya tura. Ya buga mata ya ce zai leƙo da abokai biyu-uku. Lissafinsa a bayyane yake, kuma wallahi akwai basira a ciki: a gidan mutanenmu ba a karɓar kuɗin baƙo, ba a tambayarsa yaushe zai tafi, kuma ba a barinsa ya kwana ba a zubar masa da jinin dabba ba. Ba banza ba kakanni suka ce gara kyarkeci bakwai su faɗa garke da ɗan 'yar'uwa ya kawo ziyara.

Tsohuwa ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon mu muna sauka ɗaya bayan ɗaya, kamar bas ɗin haihuwa take yi. Fuskarta ba ta motsa ba. Ta ce mu shigo, sanyi. Ta shimfiɗa ledar abinci, ta zuba soyayyen fanke da man shanu da shayi. Can sai ga ta ta jawo rago zuwa bakin ƙofa don baƙi su sa albarka kafin a yanka. Kowa ya ga ragon, kowa kuma ya ga rumbun kwal ɗinta a tsakar gida, wayam. Ba sai an gaya maka an yi kiwonsa ne don a sayar a sayi kwal ba.

Salkinai ta yi saurin cewa, "Apa, uwarmu, a bar shi. Mun taɓa abincinki, ya isa."

"Kul!" in ji Damisa. "Kada ki ci mutuncin Tayejena, yayar uwata, a gidanta! Ku yaran birni ba ku san al'ada ba. Al'ada ita ce ƙashin bayan al'umma!" Ya riga kowa ɗaga tafin hannu sama. Aka shafa. Rago ya tafi.

Da nama ya nuna, gogan ya gyara wuyan riga, ya nufi saman shimfiɗa, can nesa da ƙofa, inda ake zaunar da mafi girman baƙi. Har ya fara lanƙwasa gwiwar nan tasa ta gasar duniya.

"Ina zuwa, Kubat?"

"Wurin zamana, Tayeje."

"Can na baƙi ne. Kai baƙo ne? A ɗakin nan aka yanke maka cibiya. Ga buta can, ga tasa, ga tawul. Fara daga babba."

Ta kama hannun Jumadil direba ta zaunar da shi a wurin. Haka mataimakin mai riƙon ƙwarya ya bi mu ɗaya bayan ɗaya a duƙe, tawul a kafaɗa, yana zuba mana ruwan wanke hannu. Kuma kun san wanda aka zuba wa ruwa dole ya sa wa mai zubawa albarka, yadda ake sa wa yaro.

"Allah ya raya ka, ɗana," in ji Jumadil. "Ƙara kaɗan nan, akwai baƙin mai."

"Allah ya sa ka girma ka zama mutum," in ji mai sharar ofishinmu, har da hawayen dariya.

Aka raba nama bisa girma. Jumadil ya samu ƙashin ƙugu, Salkinai ta samu kitsen jela. Ɗan gida ya samu wuya, a bakin ƙofa, inda iska ke shigowa. Amma babban mutum ko a rijiya ya faɗa sai ya ce wanka ya shiga.

"Ku lura da kyau," ya ce, yana gwagwiyar ƙashi. "Da gangan na tsara haka. Shugabanci hidima ne. Wannan darasi na farko ke nan."

Darasi na biyu da sassafe ya zo. Tunda babu kwal, da busasshen kashin shanu za a hura murhu, ɗan gida ne kuma zai ɗebo. Shi zai fasa ƙanƙarar kwamin ruwan dabbobi. Shi zai kwashe ɗanyen kashin da shanu suka kwana suna ajiyewa. Sannan a zo ga hawa kyauta, wanda ashe dokin tsohuwa ne da doguwar igiya mai ƙulli-ƙulli, mutum uku su riƙe, doki ya ja su zuwa saman tudun bayan gari. Doki kuwa ba ya jan kansa. Kafin azahar rigar ruwan lemo ta koma launin da ba shi da suna. Ana dai hango jagora daga nesa, ana kuma jin sa daga kusa.

"Kaico!" yake cewa duk sawu, yana haki. "Ƙanƙara irin wannan, kamar garin alkama, ni ina nan ina jan doki! Ke, matse gwiwa! Kai, ba haka ake riƙe sanda ba! Da Tayeje za ta sake ni minti goma, da kun ga abin da ake kira zamiya."

Mu dai muka yi ta faɗuwa muna tashi. Mai dogon katako a dama ya yi ta juyawa hagu har ya gaji. Araha ba ta ado, amma an sha dariya. Abin da ba a yi wa dariya ba shi ne kwana mutum bakwai a ɗaki guda, da ban-ɗaki a ƙarshen gona, da tsohuwar da ke ba mu barguna ita tana kwana da rigar sanyi. Ranar Asabar da yamma Salkinai ta ɓace ita da mata biyu, suka dawo a bayan motar wani maƙwabci da kwal cike. Ba ta yi jawabi ba. Damisa ne ya yi, ya yaba wa "ƙananan ma'aikata da suka fahimci manufarsa."

Safiyar Lahadi kowa ya san inda aka kwana: shida na Salkinai, shida na Damisa, waɗanda har yanzu ke ganin mutumin da ya kusa zuwa gasar duniya bai kamata a wulaƙanta shi ba. Saura Jumadil. Tsohon ya kurɓi shayi, ya ajiye kofi.

"Ni ba ruwana da ɗumi, a mota nake wuni. Shekara tara nake jin juyin mikiya da kunne. Gani ya kori ji. In na gani yau, ƙuri'ata taka ce, Baike."

"Da gudu!" in ji Damisa, ya buga ƙirji. "Sai dai kash, aikin gida. Shanun nan..."

"Na sallame ka," in ji tsohuwa daga bakin murhu. "Ɗan gida ma yana hutawa. Yau ni zan ja dokin."

"Tayeje, ƙafarki..."

"Ƙafata lafiya lau. Ɗaura katakonka."

Ba tudun bayan gari ta nufa da shi ba. Ai ta ji da kunnenta cewa damisa ba ta sauka ƙaramin tudu. Ta bi da shi hanyar makiyaya, ta wuce itatuwa, har kafaɗar dutse inda ake kai tumaki da bazara. Sau huɗu yana kifewa a hanya, sau huɗu yana zagin wanda ya saƙa igiyar. Mai shara, da ya bi su a ƙafa da kwalbar shayi, shi ya kawo mana sauran labarin.

Daga can sama mu goma sha ɗaya kamar tururuwa muke, kowa ya ɗaga waya. Gangara ta miƙe fara fat, ba ko sawun tsuntsu. Damisa ya tsaya a bakinta. Ya lashi yatsa ya ɗaga sama.

"Iskar nan ba ta yi ba."

"Babu iska," in ji tsohuwa.

"Ƙanƙarar ta cika laushi. Ƙwararre ba ya..."

"Jiya ka ce kamar garin alkama."

Ya duba katakon dama, ya duba na hagu. Nasa dai 'yan uwa ɗaya ne, sababbi fil, ba abin zargi. Ya gyara tabarau a goshi.

"Kubat," ta ce, tana shafa wuyan doki. "Kana shekara bakwai na zaunar da kai a cikin tasar wanki a tudun bayan gida, na tura. Ka yi ta ihu har maƙwabta suka fito da sanduna, sai goya ka na yi zuwa gida. Tun daga ranar, ka sake hawa wani abu mai santsi?"

Daga ƙasa muryoyi suka taso, Jumadil ne ke ba da amshi da hon ɗin mota: "Da-mi-sa! Da-mi-sa!"

Gogan ya dubi gangara, ya dubi wayoyin, ya dubi tsohuwa. Muryar nan da ke cika baranda ta koma kamar ta ɗan akuya.

"Tayeje, don girman Allah, ki ɗaga murya yadda za su ji. Ki ce ban gama kwashe kashin shanu ba, ki kora ni gida. A kan dokin."