Mai Kiwon Ƙwari

Wani ne a Madarumfa, yana da ɗan lambu a bakin tabki. Ran nan ma'aikatan gona suka zo daga Maradi, suka tara masu lambu. Suka ce yawan feshin magani ya kusa ƙarar da ƙwari, alhali in babu ƙudan zuma da 'yan uwansu, furen kankana sai dai ya kaɗe a banza. Don haka kowa ya tattali ƙwarin gonarsa.

Mutumin naku ya zagaya lambunsa, bai ga ko kiyashi ba. Hankalinsa ya tashi. Ya wuce kasuwa wurin Maryama mai fara, ya ce ta auna masa tiya guda ta iri. Ta ce ita soyayya take sayarwa, har da yaji. Ya ce ba komai, shi da ke bakin ruwa.

Ya je ya watsa farar a fangali, ya yi mata ban-ruwa. Yana juya baya, kajin maƙwabta suka yi walima. Da safe ya zo bai tarar da ko ƙafa ɗaya ba. Ya bi gari yana ba da labari, wai sun farfaɗo sun tashi, sai dai ba su da amana.

Ya ce to, bari ya nemo masu zama wuri ɗaya. Da tsakar rana ya hau bishiyar gawo, ya kwanto amyar ƙudan zuman maƙwabcinsa Inusa, ya ɗora a ka. Inusa ya hango shi, ya ce ya yar ya gudu. Ya ce aro ne, in sun haihu zai maido masa iyayen.

Bai yi taku goma ba suka fito. Suka sauka a fuskarsa. Yana gudu yana ba su haƙuri, ya ƙi kai hannu, kada ya kashe ɗaya.

Da ƙyar ya lalubo ƙofar gida, idanu sun shige, kai ya yi kamar tulu. Matarsa Ɗelu ta leƙo, ta ja mayafi.

"Bawan Allah, maigidan ba ya nan."

"Ni ne, Ɗelu."

Ta matso, ta ƙare masa kallo.

"In dai kai ne, Malam, koma ka ƙaro. Tunda aka kawo ni gidan nan, yau na fara ganin ka da kumatu."