Kofi Nawa Ne Markaɗen Tuffa?

Wani mutum ne, irin waɗanda ba a taɓa tambayarsu abu suka ce ba su sani ba. Ko injin jirgin sama ka kawo masa, cewa zai yi a miƙo masa sukuddireba.

Ranar nan surukarsa za ta zo. Tun da ya gyara mata fanka, fankar ta koma juyawa da baya, tsohuwar nan ba ta ƙara yi masa kallon mai amfani ba. Abin yana cin ransa ƙwarai. Matarsa ta ce bari ta yi wa uwarta kek na tuffa, ko zuciyarta ta yi sanyi. Ta fere tuffa, ta dafa, ta markaɗa, ta cika kwano. Da ta duba yadda ake haɗin kek ɗin a waya sai ta yi turus.

"Baban yara, sun ce markaɗen tuffa giram ɗari biyu da hamsin. Ni kuwa kofi gare ni. Kofi nawa ke nan?"

Bai sani ba, amma bai ga dalilin da zai sa ta gane hakan ba.

"Wannan ai lissafin 'yan firamare ne. Kawo kwanon."

Ya jawo tsohon sikelin da suke auna ƙiba, mai allura, ya dire shi tsakiyar kicin. Ya cika kofi ya ɗora. Allura ko gezau.

"Sikelin mutane ne, bai san kofi ba," in ji shi. Ya ɗauki kofin ya hau da kansa, sai kuma ya girgiza kai.

"Nan jahilai ke yin kuskure. Kofin ma ai yana da nasa nauyin. Sai an raba shi da markaɗen."

"To yaya za a raba su?"

Ya kafa kai ya shanye, ya miƙa mata kofin.

"Ga shi an raba. Duba allura."

"Ba ta motsa ba."

"Ƙaro."

Ta ƙaro, ya shanye. Zafin kicin ya dame shi, ya tuɓe riga ya yar, allura ta ɗan ja baya.

"Kin gani ko? Surutunki ya ɓata awon. Daga farko za mu sake."

"Baban yara, kwanon fa ya yi ƙasa."

"Ilimi kike so ko kwano?"

Ta sake cika masa kofi. Ya sha ɗaya, ya sha biyu, ya sha uku yana nishi. Na huɗu sai da aka kankare gindin kwano da cokali kafin ya cika. Yana haɗiyewa allura ta matsa layi guda, wato kilo ɗaya, sallamar surukarsa kuma ta iso bakin ƙofa.

Ta tarar da shi a kan sikeli, daga shi sai singileti, ciki ya yi tulu, gemu duk tuffa.

"Mama, sannu da zuwa. Kin zo a daidai. Kilo ɗaya kofi huɗu ne, kin ga giram ɗari biyu da hamsin kofi ɗaya ke nan cif. Ni na gano da kaina."

Tsohuwa ta leƙa kwano, ta dubi cikinsa, ta juya wajen 'yarta.

"To me kike jira? Fasa masa ƙwai biyu ki tura shi obin ya gasu."