Hukumar Awon Motsi

A wani gari da ake kira Kishingiɗa, akwai wata unguwa, Unguwar Baƙi. Kakannin mutanenta ne suka zo daga bayan teku. Jikokin a nan aka yanke musu cibi, amma har yau baƙi ake ce musu.

Wata rana Mai Gari Ɗanhutu ya ji labari matasan unguwar ba sa motsa jiki. Abin ya dame shi har ya tashi zaune. Nan take ya kafa Hukumar Awon Motsi, ya naɗa surukinsa Malam Jinkiri shugaba. Da yake hukuma ba ta zama a rana, aka gina mata ofis a filin ƙwallon unguwar, wanda shi kaɗai gare su.

Aka ɗaura wa kowane matashi 'yar na'ura a ƙugu mai auna motsi. Kullum sai sun je ofis sun jeru a benci, tun safe har la'asar, ana duba ta. Sakamako ya fito: ba sa motsi.

Kallamu, kyaftin ɗin 'yan ƙwallon, ya ce, "Ranka ya daɗe, a ina za mu motsa? Teburinka a gurbin ragarmu yake."

"Ni awo aka ba ni," in ji Malam Jinkiri. "Maganar wuri ta wata hukuma ce. Ba a kafa ta ba tukuna."

A gida, mahaifiyar Kallamu ta roƙe shi. "Ka zauna ka yi karatunka. Ubanka bai taɓa ɗaga murya a garin nan ba."

Bai zauna ba. Ran Laraba ya ja abokansa zuwa ƙofar Mai Gari su roƙi filinsu. 'Yan doka suka fito da kulake, suka kora su har bakin rafi. Kallamu ya faɗa kwalbati ya karye a ƙafa. Uwar ta kwana tana kuka, hukuma kuma ta aiko a karɓi na'urarta daga ƙugun Kallamu, tunda ya daina ba da haɗin kai.

Washegari Malam Jinkiri ya shiga fada baki har kunne.

"Ran Mai Gari ya daɗe, shirin ya yi nasara. Na'urori ba su taɓa ganin motsi irin na jiya ba."

"Madalla. Sau nawa jikin yaro ke buƙatar irin wannan?"

"Masana sun ce kullum."

Mai Gari ya gyaɗa kai cikin tausayi. Ya juya wajen shugaban 'yan doka, ya tambaye shi ko kulaken za su isa.